Rigar Struan Mai Lamba Biyar

Shekara ashirin da shida ina wankin rigunan kulob ɗin ƙwallon ƙafa na garin Kilbrennan, don haka kada wani ya zo min da labarin jarumtar Struan Geddes. Kwandon wanki ke gaya min wanda ya yi wasa da wanda ya sha iska a fili. A garin da ruwan sama ba ya hutawa, a ce rigar mai tsaron baya irin Struan kullum ta dawo fes? Shekara goma sha tara fa! Shi dai nuna yatsa da ihu, sauran su yi ta birgima a taɓo.

Ƙwallo kuwa ko ɗaya bai taɓa ci ba, abin kuma yana cin ransa.

Ranar wasan bankwanarsa ya leƙo ɗakin wanki.

"Ke, in an tashi ki wanke rigar nan ki goge ta da kyau. A gilashi za a sa ta, a rubuta rigar da na ci ƙwallo da ita."

Ke. Har yau bai san sunana Ishbel ba.

Kowa ya san al'adar: dab da tashi alƙali zai ƙago fanareti, golan baƙi ya faɗi gefe da gangan, mai bankwana ya tura a raga. Ko ni da ciwon gwiwata zan ci. Haka kuwa aka ba shi fanaretin. Murdo, golan baƙin, har da ɗaga murya: "Hagu zan faɗi, tsoho, kada ka ba mu kunya!"

Maimakon Struan ya tura a hankali, sai gogan ya ja da baya kusan tsakiyar fili, wai a gan shi. Ya sheƙo a guje, santsi ya kwashe shi, tim! Ƙwallon da ƙafarsa ta ɗan shafa ta gangara ta tsaya cikin kududdufi, taku biyu da layin raga. Murdo na kwance yana jiranta. Alƙali ya so a sake, amma ina, ƙugun Struan ya riƙe. A gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da shi.

Da rigar ta iso hannuna, taɓo ne tun daga wuya har ƙasa. Wallahi daɗi na ji. Na shanya ta a haka, na sa a gilashi.

Bayan sati ya zo yana ɗingishi. "Ke, ba ki wanke ba?"

"Ina zan wanke, ɗan nan? Ita kaɗai ce shaidar ka taɓa shiga fili."