Tagar da Ta Rage

Labbo magini yana kwaɓa siminti a hawa na huɗu, musun mutanen da ke ƙasa yana hawowa har kunnensa. Tun da Alhaji Dalhatu ya fara wannan bene a Kaura Namoda, kowa ya zama injiniya. Mai shayi yana son a manna farin tayil, direbobin tasha sun dage fenti ruwan ƙasa ya fi ɓoye datti. Amma kan bangon arewa bakinsu ya zo ɗaya.

"Wanga bene ya makance!" wani ya ɗaga murya. "Gaba gilashi awa banki, baya awa kurkuku."

Da gaskiyarsu. A zanen farko bangon nan cike yake da tagogi. Sai 'yan bindiga suka ɗauke Alhaji a hanyar Zurmi. Ya yi kwana arba'in a daji, da ya dawo ya ce duk tagar da ke kallon arewa a toshe ta, a shafe da filasta.

Labbo ya toshe duka, saura ɗaya. Ta nan ake hango hanyar Dauran, inda aka ɗauke matarsa Kubura wata biyar da suka wuce. Nan yake cin abincin rana, yana duban duk macen da ta sauka daga mashin. Kullum da dabararsa ta ƙin toshe tagar: yau yashi ya ƙare, gobe bulo bai bushe ba. An ce wuri ɗaya aka tsare Kubura da Alhaji, amma tsoro ya hana shi tambaya.

Sai ga Alhaji ya hawo yana haki, rigarsa ta yi masa yawa.

"Ranka shi daɗe, a bar wagga," in ji Labbo. "Ko don iska. Kowa na hwaɗin bango ba taga bai da kyau."

Alhaji bai dubi waje ba. Ya durƙusa ya ɗauki bulo, ya miƙo masa da hannu biyu, abin da bai taɓa yi wa ma'aikaci ba.

"Labbo, ni niy yi ma Kubura sallar gawa. Mu ukku munka ruhe ta. Na rasa bakin hwaɗa maka."

Labbo ya yi salati a hankali, ya karɓi bulon. Ya shimfiɗa siminti a bakin tagar. Can nesa wani mashin na tafe da mace a baya. Ya jira har ta sauka, sannan ya ɗora bulon.