Ranar da Yaya Ta Tafa wa Majalisa

Yayata malamar ajin raino ce, ajin yaran da har yanzu sai an share musu majina. Da majalisar jiha ta ɗauko ƙudirin rage cunkoso a irin waɗannan azuzuwa, sai wani kwamitin majalisar ya gayyace ta. Ni na raka ta, na zauna can baya riƙe da jakarta.

Ta miƙe ta fara bayani, amma ina! Wannan na danna waya, wancan na raɗa da na kusa da shi. Na ga ta haɗe rai, na ce yau akwai kallo.

Ba ta ma san ta yi ba. Kawai sai ta tafa hannu yadda take yi wa yaranta, ta rera, "Ido a kaina, hannu a cinya!"

Zauren ya yi tsit. Wallahi wani mai furfura har ya ajiye waya ya ɗora hannuwansa a cinya.

"Ku gafarce ni, ranku ya daɗe, sabo ne," in ji ta. "Amma ku manya ne, ba ku ma cika ɗakin ba, sai da na tafa. Yarana kuwa har bakin ƙofa suke, kuma ni kaɗai ce."

Shugaban kwamiti ya buɗe baki, sai ya fasa. A hankali ya ɗaga hannu yana jiran izininta.

Na zunguri na kusa da ni. "Yayata ce," na ce, "uwa ɗaya uba ɗaya."