Huji Biyu a Ƙuri'ar Mai Faci

Shekara ashirin da biyu Tukiran yana faci a gindin tsamiyar da ke gaban ofishin mai gari, kuma ba wanda ya taɓa jin ra'ayinsa a kan komai in ba taya ba. Filin na gari ne, gari kuwa a hannun mai gari Pak Darmaji yake. Tifofin da ke kwasar yashi a kogi ma na Pak Darmaji ne, kuma a wurin Tukiran suke faci. Shi ya sa da zaɓen mai gari ya matso aka kawo masa riga mai hoton mutumin, ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta sawa har ta yi baƙi.

Sai dai gonar shinkafar da ubansa ya bar masa a bakin kogin take, kuma tun da aka fara haƙar yashi gaɓar ke zaftarewa. Bana fangali biyu suka tafi. Ran zaɓe da safe ya bar tayar wani babur a kwance, ya goge hannu a wando, ya shiga bayan labule. Ya shimfiɗa takardar a kan 'yar katifa, ya ɗauki ƙusar da ke ɗaure da zare, ya huda hoton Bu Rusmiati, tsohuwar ungozomar da ta ce za ta tsayar da tifofin. Huji ɗaya. Ko matarsa Warsini bai gaya wa ba.

Bayan azahar aka fara ƙirga a ƙarƙashin tamfol, gari duk ya taru. Gunarto, ƙanin matar mai gari, shi ke warware takardu yana ɗagawa ga haske. In hujin na lamba ɗaya ne, wato Pak Darmaji, sai a ce "Sah!" da ƙarfi, ma'ana ƙuri'a ta inganta, a yi tafi, a ja layi a allo. In na lamba biyu ne, na Bu Rusmiati, sai ka ji "sah" ɗin kamar ta maras lafiya, don a gaba akwai samari masu baƙaƙen riguna, wayoyinsu a sama, kuma ba allon suke ɗauka ba. Fuskoki suke ɗauka.

"Huji biyu! Lalatacciya!" in ji Gunarto, ya jefa takarda a kwali.

Can kuma, "Lalatacciya!"

Kafin la'asar kwalin ya kusa rabi. Wata mai suyar ayaba ta ce a hankali, "Yau kuma hannun mutanen garin nan rawa yake yi?" Aka yi dariya a ciki-ciki, kowa ya kalli ƙasa.

Tukiran na tsugune a gefe yana zuƙar sigari mai kanumfari sa'ad da Gunarto ya ɗaga wata takarda. A kusurwarta ta ƙasa akwai shatin babban yatsa, baƙi ƙirin da giris, da farin layi ya ratsa tsakiyarsa. Ya dubi yatsansa, ya dubi tabon da ƙarfen cire taya ya bar masa.

"Huji biyu! Lala..."

"Tsaya."

Bai san ya miƙe ba sai da ya ji Warsini na jan rigarsa. "Kang," ta ce, wato yaya, "zauna. Wa ya aike ka?"

Gunarto ya yi murmushi. "Kang Tukiran, lafiya? Taya ce ta sace?"

Samarin suka kwashe da dariya.

"Wannan ƙuri'ata ce."

"Au, ƙuri'a har suna gare ta yanzu?"

"Ba ta da suna. Yatsa gare ta." Ya ɗaga nasa. "Kuma huji ɗaya na yi."

Pak Darmaji na zaune a kujerar roba, kofin shayi a hannu. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa bukatar haka ba. "Tukiran, in taka ce ai ni ka zaɓa, ga ni nan a ƙirjinka. Hannu ne ya zame maka, ka huda biyu. Ba komai, na yafe. Koma ka zauna, anjima tifa uku na zuwa maka."

Ƙofa ce ya buɗe masa, kowa ya gani. Tukiran ya waiga ya hangi tsamiyar, da daron ruwansa, da injin iska da ya rufa da buhu. Wayoyin duk sun juyo kansa. Da ya koma ya tsuguna, gobe da safe zai buɗe rumfarsa kamar kullum. Amma abu ɗaya tak ya taɓa yi a garin nan da ra'ayin kansa, ga shi kuma ana shirin jefa shi a kwali.

"Ba kai na zaɓa ba, Pak."

Warsini ta saki rigar.

Shugaban kwamitin zaɓe, wani malamin firamare mai yawan goge gumi, ya ce, "Ko ma wa ka zaɓa, Kang, huji biyu dai huji biyu ne. Doka ce."

"Malam, kai ka san doka, ni na san huji. In ƙusa ta shiga taya daga waje, leɓen hujin ciki yake kallo. In wayar gargare ce ta soke ta daga ciki, waje yake kallo. Mu a kan katifa muka huda, hoto na sama, ƙusa ta yi ƙasa. To a shafa na biyun a ji ina ya kalla. Kar a ba ni, hannuna da datti. A ba Mbah Sarinem."

Mbah Sarinem ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, amma har yau ita ake kai wa shinkafa ta tsince tsakuwa. Ta taso tana dogara sanda tana mita. "Ku matsa, 'yan nema. Kai mai baƙar riga, na wanke uwarka ran da aka haife ka, kauce min." Malamin ya karɓi takardar daga hannun Gunarto ya miƙa mata. Ta shafa gaba, ta shafa baya.

"Na ungozoma ya nutsa. Na Darmaji ya taso. Ta bayan takarda aka soke shi, kuma ba ƙusa ba ce, ƙarami ne."

"Tsohuwa ce, me ta sani?" in ji Gunarto. Ya sa hannun dama a aljihu.

Tukiran ya riga ya lura da hannun. Mazan garin kowa na da zobensa mai ƙaton dutse, kuma dutsen don a gani ake sa shi. Na Gunarto tun azahar cikin tafin hannu yake kallo.

"Mas Gunarto, zobenka ya yi kyau. Nuna mana dutsen mana."

"Ba abin da zan nuna wa mai faci."

"Nuna musu!" Muryar mace ce, kuma sai da Tukiran ya waiga ya tabbatar ta Warsini ce. Mai ayaba ta kama. Na baya suka kama, waɗanda wayoyi ba sa kaiwa gare su, sannan na tsakiya. Wani saurayi ya matso da waya har kusa da hancin Tukiran.

"Ɗauki ta nan, Mas," in ji Tukiran, ya juya kunci. "Nan ɓarin ya fi kyau."

Da Gunarto ya buɗe hannu, sai aka ga guntun allura a maƙale gefen dutsen. Ya ce na sakace ne. Ba wanda ya ko yi dariya. Malamin ya goge gumi, ya ce a juye kwalin a kan tebur. Aka sa Mbah Sarinem a kujera, ana miƙa mata ɗaya bayan ɗaya, wanda duk ya so ya zo ya shafa da kansa. Arba'in da uku ta baya aka soke su, dukkansu na lamba biyu. Da aka zo kan mai shatin yatsa, "Sah!" ɗin da aka yi har tsuntsaye suka tashi daga tsamiya. Tukiran ya bi hannun malamin da ido har ya ja layin a allo.

Duk da haka Pak Darmaji ne ya ci, da ƙuri'a tara.

Kwana biyu bayan nan aka aiko cewa gari na bukatar gindin tsamiya, za a yi wurin ajiye motoci. Tukiran bai je roƙo ba. Ya ari amalanke, shi da Warsini suka ɗora injin iska da daro da tarkacen tayu, suka tura har ƙofar gidansu, can ƙarshen gari inda kwalta ta ƙare. Tifofi ba sa bi ta nan.

"Shekara nawa kafin wani zaɓen?" in ji Warsini, tana haki.

"Da yawa."

"To ka riƙa wanke hannu kafin ka je."

"Ba zan wanke ba."

Yana cikin cika daro da ruwa ya hango malamin firamare tafe, yana tura babur ɗin da tayarsa ta sace, jiƙe da gumi. Akwai wani mai faci a kasuwa, kusa da makaranta, kuma sai da ya wuce shi kafin ya iso nan. Tukiran ya jawo masa benci, ya cire tub, ya ba shi iska, ya nutsa shi a ruwa yana juyawa a hankali, yana jiran inda kumfa za ta taso.