Wanda Ya Je Neman Izini

Ban runtsa ba har gari ya waye, tambaya guda tana ta kai-komo a raina: anya ba ni ne na jawo wannan doka ba?

Na daɗe ina karanta wasan Tsibirin Fitilu a tashata ta intanet. Wasa ne na labari: rubutu ke fitowa a kan hotuna, babu murya, mai wasa ya karanta ya zaɓi hanyar da zai bi. Ni kuwa nakan karanta a fili, in ba kowane mutum muryarsa, in bayyana abin da ke cikin hoton. Ban shirya haka ba, amma sannu a hankali makafi suka zama mafi yawan masu saurarona. Cikinsu akwai Ebihara-san, dattijuwa mai shagon tausa a unguwar Tennoji, wadda ba ta barin kuskurena ya wuce ba ta aiko da gyara ba. Mun kai babi na goma, saura na ƙarshe.

Da tashar ta girma har aka ba ni damar saka talla, sai karatun bokona ya motsa. Shari'a na karanta a jami'a, na kuma san dokarmu ba ta ba mai sharhi irin sararin da ake ba shi a wasu ƙasashe. Kowa yana ɗora bidiyon wasan, kamfanin Kurotsubame mai wasan bai taɓa cewa uffan ba, amma ni shirun bai gamsar da ni ba. Na sa kwat, na sayi kwalin alewar wake, na je ofishinsu, na miƙa katin sunana da hannu biyu, na nemi izini.

Ba a jima ba suka fitar da ƙa'idoji. Kada kowa ya nuna abin da ya wuce babi na uku, kada a saka talla, wanda ya riga ya ɗora ya sauke kafin ƙarshen wata.

Bayan daren nan da ban runtsa ba, da azahar na sami Tsujimura a shagon taliyar da yake cin abinci. Yana gabana a jami'a, shi ya sa nake ce masa senpai, yanzu kuma yana sashen shari'a na kamfanin.

"A'a, babban lauya Nagasue! Zauna. Ka rame, ko allon kwamfutar kake ci?"

"Senpai, ni ne?"

Ya zuƙi taliyarsa, ya goge baki.

"Alewar dai ta yi daɗi. Har maigidanmu ya ci biyu."

"Don Allah ka bar wasa."

"To me kake so in ce? Kana tsammani ba mu san ka ba? Rabin ofishinmu ke sauraronka a jirgin ƙasa. Muryar tsohon masuncin nan da kake yi, mai ba maigida shayi ma ya iya ta."

"To me ya sa?"

"Saboda ka tambaya, sakarai! Muddin ba wanda ya tambaya, mu ba mu gani ba. Kai ka zo ta babbar ƙofa, da kati, da kwali, gaban mutane. Dole a kai maganar sama. Wa ka taɓa gani a sama ya buga hatiminsa a kan 'na yarda'? In wani abu ya ɓaci, wuyansa ne."

"Gaskiya na so in bi."

"Ka kuwa bi ta, ga inda ta kawo ka."

Na ce masa masu saurarona ba sa ganin rubutun, ko sun sayi wasan ba abin da zai amfana musu. Ya ɗan sunkuyar da kai, sannan ya ce ai kamfani ya lura da hakan. Ganin yawan mutanena ya sa suka yanke shawarar fitar da wasan da muryoyin ƙwararru, a sayar, nan da shekara biyu ko uku.

"Ka ga ka yi amfani," in ji shi, bai ko kalle ni ba. "Kada dai ka ce ni na gaya maka."

Na fito ina jin ɗacin abin har cikin haƙorana. Lokacin da ba mu da yawa, mu ne muka riƙe musu wasan da kantuna suka riga suka manta da shi. A jami'a an koya mini wa ke da haƙƙi a kan me, na haddace, na ci jarrabawa. Ba wanda ya koya mini cewa akwai alherin da ba ya rayuwa sai in an bar shi ba suna. Tsujimura ya san haka, masu sauran tashoshin da yanzu ke zagina sun sani, kowa ya sani, sai ni.

Na koma ɗaki na sauke bidiyon, daga babi na huɗu har na goma. Saƙonni suna ta shigowa, wani daga Aomori, wata daga Okinawa, duk tambayarsu ɗaya: shin ɗan masuncin ya dawo tsibirin? Ban amsa ba. Ko labartawa a taƙaice ƙa'idar ta hana.

Da la'asar na saka kwamfutar a jaka na tafi Tennoji. Ebihara-san tana ninke tawul, abokan aikinta biyu suna shan shayi. Ban gama gaisuwa ba ta juyo.

"Wannan ai muryar mai karatunmu ce. Ashe ƙanƙanin yaro ne! Kai ne ka je ka kai kanka ƙara?"

"Ni ne."

"Ilimi dai ya yi maka yawa. Me ka kawo?"

"Babi na ƙarshe."

Ta ajiye tawul ɗin.

"Mu uku kawai? Sauran fa?"

"Ku uku kawai."

"To wannan ma ka nemo izini?"

"A'a."

"Madalla. Juya allon ƙofar can, a ce mun tashi."

Na juya allon, na ajiye kwamfutar a kan gadon tausa, na kashe wayata, na fara karantawa.