Finjalin da Casib Ya Ajiye

Da Amurkawa suka zo tsaron bututun man da ke wucewa ta Fao zuwa teku, sai suka ja waya mai ƙaya suka zagaye filin da suka ga dama. Cikin abin da wayar ta haɗiye har da mazan dabino uku, kuma kaf ƙauyen babu wasu mazan sai su.

Casib ya yi shekara hamsin yana hawan waɗannan itatuwa. Duk shekara idan matan dabino suka yi huda, yakan hau ya yanko furen namijin, ya bi gonaki yana soka reshe ɗaya a cikin kowane zangarniya. Macen ba ta jira fiye da 'yan kwanaki. Idan suka wuce ba a kai mata ba, a bana sai dai a ci labari. Yau kwana huɗu ke nan da hudar ta buɗe.

Sau uku yana zuwa bakin ƙofar sansanin, sau uku wani soja da rana ta ƙona wa wuya yana nuna masa hanya da bakin bindiga. Sun ce duk wanda ya hau itace kusa da su ɗan leƙen asiri ne. Matarsa Sabiha ta ce to ai sai ya jira jiragen nasu masu saukar ungulu su yi wa dabinon barbara, tunda komai sun iya. Casib bai yi dariya ba, don tsoro ne fal cikinsa.

Rannan sai Kanar Delani, shugaban sansanin, ya gayyaci dattawa. Wani ya koya masa cewa ba a shiga zuciyar Balarabe sai da gahawa, shi kuwa ya riƙe karatun da kyau. Aka shimfiɗa darduma a cikin tanti, aka kawo buta mai dogon baki, har da masu ɗaukar hoto daga ƙasarsu don a nuna wa duniya zumunci. Kanar da kansa ya zuba, da hannun dama ya miƙa, yana ta washe baki. Sai dai malamin nasa rabin darasi ya ba shi.

Casib ya karɓi finjalin, ya ajiye shi a ƙasa gabansa bai kurɓa ba. Dattijon da ke kusa da shi ya kalle shi, ya ajiye nasa. Kafin buta ta gama zagayawa, finjali goma sha ɗaya na jere a kan darduma suna hayaƙi.

Tafintan sansanin, Hudair, ɗan ƙanwar Casib ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ya sunkuyo yana zufa.

"Kawu, don Allah ka sha. Aikina za ka kashe mini."

"Gaya masa ma'anarta, ɗan nan. Ko kai ma Turanci ya mantar da kai?"

Dole Hudair ya bayyana wa Kanar cewa baƙon da ya ajiye gahawa buƙata ce ta kawo shi, kuma ba zai sha ba sai mai gida ya ce an biya. Idan ya tashi ya bar ta, mai gidan ya tozarta, kuma za a yi ta ba da labarin har Basra. Kanar ya dubi masu hoto, ya dubi finjalan. Ya ɗauka za a ce a saki wani fursuna ko a tashi sansanin, don haka ya tambaya a hankali me tsohon yake so.

"Mazana uku da ka ɗaure," in ji Casib.

Sai da aka yi ta bayani kafin Kanar ya gane itace ake nufi. Ya yi dariyar wanda aka sauke wa kaya, ya ce an biya buƙatar, sai tsohon ya sha gahawarsa. Casib ya ce sai ya hau itacen ya sauko tukuna.

Ya ɗaura igiyar hawa a kugu, ya haye babu takalmi, sojoji sun yi cirko-cirko a ƙasa. Daga can sama ya hango jiragen dakon mai jere a bakin teku, da jiragen yaƙin da ke gadinsu, da gonakin ƙauyensu duka suna jira. Daɗi ya cika shi har ya ji kamar ƙuruciyarsa ta dawo. Ya yanko kwanson fure bakwai, garin furen ya bi gemunsa ya mayar da shi rawaya.

Da ya sauko sai dattawan suka rarraba furen a cikin rawunansu, kowa na saurin kaiwa gonarsa kafin rana ta yi zafi. Casib ya koma tanti ya ɗauki finjalinsa ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Ta huce," ya ce wa Hudair. "Ce wa mai gidanka ya zubo wata. Kuma baɗi war haka ya dafa da yawa, muna nan tafe."

Kanar ya ɗauki butar ya zuba.