Inda Hannuna Ya Tsaya

Baba ya yi shekara talatin da huɗu yana tuƙa babbar mota, kuma cikin 'ya'yansa bakwai ni kaɗai ya koya wa taya. Ba tuƙi ba, tuƙi kowa ya iya. Ni ya koya wa yadda ake zura hannu cikin taya a shafa a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Yana da wani ma'aunin iska na ƙarfe, bai fi biro tsawo ba, kullum yana aljihun gaban rigarsa. Duk gidan an san wata rana nawa ne, ni ma haka na sani.

Sai ƙanwata Auta ta auri wani malamin makaranta. Farfesa nake ce masa, amma a bayan idonsa. Mutumin bai taɓa yi mini komai ba, har rusunawa yake in zai gaishe ni, kuma abin da ke ƙara ba ni haushi ke nan. Wata shida da biki, Baba ya fara cewa "Malam ya ce" a kan motarsa. Malam ya ce a duba baƙin mai kafin a tayar da inji. Malam ya ce kada a buɗe lagireto da zafi. Abubuwan da Baba ya koya mini tun ban yi gemu ba, yanzu sun dawo gidan da sabon uba.

Da idon Baba ya yi rauni, Auta ce ta karɓi ƙaramar motarsa. Ita ke kai shi asibiti, ita ke kwasar yaran gidan zuwa makaranta, har da nawa biyu. Tayoyin gaba suka suɗe, zanen ya shafe tas. Ranar Asabar Baba ya kira ni mu je sayen wasu. Na zo da fara'ata, sai na tarar Baba ya zauna a sitiyari, wai shagon ba nisa, ga Farfesa a kujerar gaba, riƙe da ɗan littafi.

"Sannu da zuwa, Yaya. Bari in koma baya."

"Yi zamanka," in ji Baba.

Na shiga baya, a motar da na wanke sau dubu.

Shagon mai taya dogon ɗaki ne mai warin roba. Sababbi na sama a naɗe cikin leda, na hannu na jere a ƙasa, an goge su suna sheƙi kamar takalmin ango. Na hannun kaɗai aljihun Baba zai iya ɗauka. Mai taya ya mirgino huɗu.

"Baba, waɗannan ko ni ne su zan sa wa tawa."

Farfesa ya tsuguna, ya gyara tabarau. Ya fara da lambar girma, ya gwada ta da wadda ya kwafo daga jikin ƙofar direba. Sannan ya nemo wasu lambobi huɗu a gefen tayar.

"Baba, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Waɗannan tayoyin biyu sun shekara tara. Zanensu da saura, amma robar ta bushe. Ga tsaga nan ƙanana."

"Ikon Allah!" in ji Baba. "Shekara talatin ina kallon lambar nan, ban taɓa tambayar ta ba."

Ya yi dariya, har da dafa kafaɗarsa. Wallahi na ji dafawar nan a ƙirjina. Ni ma ban san da lambar ba, sai na kau da kai kamar tsohon labari ne.

Farfesa ya ware sauran biyun, ya ce shekararsu uku, zanensu da zurfi. Don kada in tsaya kamar ɗan rakiya, na jawo su na zura hannu. Ta farko lafiya lau. A ta biyu, can ciki wajen gefe, yatsuna suka hau wani ɗan tudu. An yi mata faci a inda ba a yi wa taya faci, an shafe da baƙi, wayar ciki ta saki. Irin wadda ke kumbura ta fashe in ta sha zafin titi.

Hannuna ya tsaya a wurin. Na buɗe baki, sai na ga Baba har yanzu yana kallon Farfesa da wannan murmushin. Raina ya ce, bari ta kumbura nan da mako biyu, mu ga abin da littafi zai ce. Ban tuna Auta ba a lokacin, ban tuna yaran ba. Kunyarsa kawai nake son gani.

"Yaya, ya ka gani?" in ji Farfesa.

"Ai kai ne masani," na ce, na karkaɗe hannu.

Mai taya har ya ɗauko jak zai ɗaga motar. Baba ya ce a dakata. Ya dafa bango ya tsuguna da ƙyar, gwiwarsa na ƙara, ya jawo ta biyun. Bai lalubi ko'ina ba. Kai tsaye ya kai hannu daidai inda nawa ya tsaya.

"Canza wannan," ya ce wa mai taya.

Mai taya ya shiga rantse-rantse, ya mirgino wata. Farfesa ya karanta lambarta, Baba ya shafa cikinta da kansa. Bai ce in taɓa ba.

Ana ɗaura tayoyin, Farfesa ya je kallon yadda ake ƙulle noti. Baba ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Idona ba ya ganin rubutu, amma yana ganin hannu. Na ga inda naka ya tsaya."

"Baba, ai da ma zan..."

"Shi bai sani ba. Kai ka sani. 'Ya'yanka ne a bayan motar nan."

Bai ƙara ba. Da ma zagina ya yi, da na samu abin riƙewa.

A hanyar gida na sake zama a baya. Muna tsayawa a ƙofar gida, Baba ya zaro ma'aunin daga aljihunsa ya miƙa gefensa, ba baya ba.

"Malam, riƙe wannan. Duk mako ka auna mata iska, da sassafe kafin taya ta yi zafi. Kada ka manta da ta ko-ta-kwana a but."

Farfesa ya karɓa da hannu biyu yana ta godiya. Bai ma san abin da aka ba shi ba.

Washegari da safe aka yi sallama a ƙofata. Farfesa ne, ma'aunin a hannunsa, ya riƙe shi a juye.

"Yaya, don Allah ka nuna mini yadda ake amfani da shi. Baba ya ce duk gidan babu wanda ya kai ka iyawa."

Na karɓa. Gefensa ya goge daidai inda babban yatsan Baba ke zama. Na juya shi daidai, muka je wajen motar, na tsuguna gaban tayar, na nuna masa sau biyu. Sannan na miƙa masa abinsa.