Yara Tara a Ɗakin Ajiya

Malamar aji biyar tana cikin rubuta ADALCI a allo da manyan baƙaƙe, hedimasta ya leƙo, makullai na kaɗawa a hannunsa.

"'Yata, ajiye allin nan. Baƙi sun taso. Waɗancan na ƙasa, a kwashe su."

Na ƙasa yara tara ne da ke zaune bisa buhuna a bayan aji. Rikici ne ya koro iyayensu wata huɗu da suka wuce. Makaranta ta karɓe su, amma ba ta da bencin da za ta ba su. Yau kuwa ƙungiyar da ta kawo darasin zaman lafiya da adalci za ta zo ganin yadda ake koyar da shi.

"A kai su ina, ranka ya daɗe?"

"Ɗakin ajiya. Awa ɗaya tak. Na riga na cike fom cewa kowane yaro yana da wurin zama. So kike a ce tsohon nan maƙaryaci ne?"

"Ai da mun bari sun gani da idonsu, wataƙila..."

"Ke dai akwai zafin kai. Tun ba a haife ki ba nake tarbar baƙi. Baƙo abin da ya zo gani kake nuna masa." Ya rage murya. "Takardar tabbatar miki da aiki tana kan teburina. Birona kuwa tsoho ne, ba ya rubutu cikin hayaniya."

Shekara uku tana jiran sa hannun nan. Ta tasa yaran gaba.

Ɗakin ajiyar yana jikin ajinta, bango ɗaya ya raba su. Karyayyun benci ne a ciki, da tsintsiyoyi, da tsofaffin rajista da gara ta ci. An toshe tagar da kwali. Yaran suka shiga ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tambayi dalili. Babbarsu, wadda 'yan aji ke kira Doguwa, ta ja ƙanenta zuwa lungu. Hedimasta ya datse kwaɗo.

Baƙin su biyu ne: wata mata mai tabarau da wani mai kyamara. Aji fes, kowa a kan benci.

"Yau har ƙudaje sun sa yunifom," malamin lissafi ya raɗa wa Malama daga bakin ƙofa. Ba ta yi dariya ba.

"Mene ne adalci?" Malama ta tambayi aji.

"A ba kowa haƙƙinsa!"

"Zaman lafiya fa?"

"Ya fi zama ɗan sarki!"

Hedimasta ya fi kowa tafi. Mai kyamara ya durƙusa, ya miƙe, ya sa aka maimaita don hasken bai yi masa ba. Aka maimaita. Haka ake yi ko'ina: a haddace, a rera, a ɗauki hoto, kowa ya koma gida yana ganin ya gyara duniya.

Da aka gama, mai tabarau ta buɗe fayil.

"Tambaya ɗaya ta rage. Akwai yaran da rikici ya raba da gidajensu a nan? Muna da benci da littattafai, da ma'aikaciyar da ke zama da irin waɗannan yara tana sauraronsu. Yau muke rufe jerin makarantun."

Makullan suka daina kaɗawa. Idan ya ce akwai, sai a ce ina suke.

"Babu, alhamdu lillahi," ya ce. "Allah ya kare mu."

Matar ta juyo. "Malama, ke kin fi kusa da su. Ko ɗaya?"

Malama ta dafa bango da bayan hannunta. Tari ɗaya take roƙo. Atishawa, ko ƙafa ta bugi katako, wani abu dai da zai yi magana a madadinta, don kada a ce daga bakinta ya fito. Ta jira. Bangon shiru kamar kabari.

"Yadda ya faɗa ne," ta ce.

Matar ta ja layi a fayil, ta yaba da tarbiyyar yaran. Hedimasta ya raka su har mota, yana dawowa ya cilla wa Malama makullan ba tare da ya dube ta ba.

"Gobe ki biyo ofis ki karɓi takardarki."

Kwaɗon ya ƙi buɗuwa sai a karo na uku. Zafi da warin gara suka buge ta. Da farko ba ta ga kowa ba. Sai da idonta ya saba da duhun ta hango su ƙarƙashin karyayyun bencin, kwance rub-da-ciki, sun jiƙe sharkaf da gumi. Doguwa ta toshe bakin ƙanenta da tafin hannu, yatsunta sun bar shaida a kumatunsa.

"Sun tafi?" ta raɗa.

"Sun tafi."

"Ba su ji mu ba ko?"

"Ba su ji ba."

Doguwa ta saki yaron. Karo na farko tun zuwanta makarantar, ta yi murmushi.

"Ai mun iya, Malama. Wancan karon, da rikici ya tashi a garinmu, kwana biyu muka yi."